Salak ɗin kawa da mangwaro: ɗanya, turararriya, ta firiza ko ta gwangwani?

Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram zai iya yin furfura bai taɓa ganin kawa a faranti ba. Halittar bakin teku ce, mai ɓawo biyu masu kaushi kamar dutse, da ɗan nama mai santsi a ciki. Amma zama ya kai mutanenmu Legas da Fatakwal da Akra da Banjul, wasu har Ingila da Amurka, kuma a can ne uwargida za ta ga an jera kawa a kan ƙanƙara, an yanka mata mangwaro da attaruhu, an matsa lemun tsami, sai ranta ya biya ta gwada a gida. Tana shiga kasuwa sai ta tarar kawar ba iri ɗaya ba ce. Ga mai rai a cikin ɓawonta, ga wadda aka ɓare aka daskarar, ga ta gwangwani, kuma ko mai ran ma sai an yanke shawara: a ci ta ɗanya ko a ɗora a wuta?

Kafin mu shiga, bari in kawar da tambayar da na san tana zuciyar mai karatu. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muke bi, abin da ke rayuwa a cikin teku halal ne, haka ma a wurin Shafi'iyya da Hanbaliyya. Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi kaɗai, don haka idan akwai mai bin wannan mazhaba a cikin baƙinki, ki tambaye shi tukuna. Abin da za ki sa wa ido shi ne ruwan haɗin, domin wasu gidajen abinci na Turai suna zuba giya a cikin miyar da suke ɗora wa kawa. A gida wannan bai taso ba, lemun tsami ya wadatar.

Haɗin da muke magana a kai

Irin wannan salak yana da gidajensa. A Tailan ana haɗa ɗanyar kawa da lemun tsami da barkono da ruwan gishirin kifi da soyayyar albasa da na'a-na'a, kuma kawar lardin Surat Thani ta yi suna wajen girma. A Filifin suna jiƙa ta da ruwan khal na kwakwa da citta da albasa da barkono. A tsibirin Tirinidad masu tebur a bakin titi suna sayar da ita a kofi, cikin miya mai yaji da tsami. Duk inda kika je ginshiƙin ɗaya ne: tsami, zafi, ɗan zaƙi, da wani abu mai ƙaras-ƙaras a baki.

Na mutum huɗu, abin da nake ɗauka ma'auni shi ne kawa 16 zuwa 24, mangwaro ɗaya wanda ya nuna amma bai yi laushi ba, kokwamba ɗaya, rabin jar albasa, attaruhu ɗaya da aka cire 'ya'yansa, lemun tsami uku, ƙaramin cokali na zuma, babban cokali na man zaitun, na'a-na'a, sai dakakkiyar soyayyar gyaɗa a barbaɗa a sama. Gishiri sai an ɗanɗana, don kawa da gishirinta take zuwa. Wannan haɗin ba ya canzawa sosai. Abin da ke canzawa shi ne kawar da za a sa a ciki.

Abubuwa biyar da za a auna

Na farko haɗari ga lafiya, kuma da gangan na sa shi a gaba. Kawa ba kamar kifi take ba. Tana manne a wuri ɗaya tana tace ruwa don ta sami abinci, babba ɗaya tana iya tace har kusan lita 190 a rana idan yanayi ya yi mata daɗi. Duk abin da ke cikin ruwan nan, mai kyau da marar kyau, yana taruwa a jikinta, kuma ana cinye ta ne gaba ɗaya har da kayan cikinta.

Na biyu ɗanɗano, amma ba ɗanɗanon kawar ita kaɗai ba: yadda za ta tsaya a tsakanin mangwaro da attaruhu ba tare da ta ɓace ba. Na uku kuɗi. Na huɗu daɗewa, wato kwana nawa za ta yi a hannunki, da yadda take jure ɗaukewar wuta. Na biyar wahalar aiki.

Ɗanyar kawa mai rai

Ita ce sarauniyar hotuna, kuma masu sonta ba su yi ƙarya ba. Ɗanyar kawa mai kyau tana da sanyi da santsi, da ɗan zartsi kamar an kurɓi teku, sannan wani ɗan zaƙi ya biyo baya. Ɗanɗanon yana bin ruwan da ta girma a ciki, shi ya sa Faransawa suke kiran kawa da sunan garinta, ta Kankal daban, ta Arkashon daban. Har lamba suke ba ta daga 0 zuwa 5, inda ƙaramar lamba ke nufin babbar kawa. Lamba 3, mai nauyin giram 66 zuwa 85 har da ɓawo, ita ce tsaka-tsaki, kuma ita ta fi dacewa da salak. A nahiyarmu ana kiwon kawa ta kasuwa a Namibiya da Afirka ta Kudu da Maroko, mafi yawa irin ta tekun Fasifik ce mai asali daga Japan.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bibriyo da ke rayuwa a ruwan teku mai ɗumi, musamman inda kogi ke haɗuwa da teku, wato daidai inda kawa ta fi son zama. Ba ƙazanta ce ke kawo ta ba, can ne gidanta. Yawancin ire-irenta gudawa da amai suke sawa a warke, amma akwai mugun iri guda da ke shiga jini. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan mutum 1 cikin 5 da wannan irin ya kama yana mutuwa, wani lokaci cikin kwana ɗaya ko biyu. Kawar da ke ɗauke da shi ba ta wari, ba ta canza kala, ɗanɗanonta ma daidai yake. Ga kuma norobairos, wata ƙwayar cuta mai sa amai da gudawa, da ciwon hanta nau'in A, waɗanda ke shiga kawa idan ruwan bayan gida ya gangaro inda take.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton lemun tsami yana dafa ta. Gaskiya ne idan kika matsa shi naman yana yin fari ya ɗan takura, kamar ya ji wuta. Ido ne kawai ake ruɗa. Lemun tsami ba ya kashe Bibriyo, attaruhu ba ya kashe ta, ruwan khal ma na 'yan mintoci ba abin dogaro ba ne. Wuta ce kaɗai ke wannan aikin.

Waɗanda abin ya fi yi wa illa su ne masu ciwon hanta, masu ciwon suga, masu ciwon daji, masu cutar ƙanjamau, da masu shan maganin rage tsamin ciki a kai a kai. Ki dubi jerin nan da kyau. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a cikin al'ummarmu, kuma da yawa suna ɗauke da shi ba su taɓa yin gwaji ba. Idan kika tara mutum goma a falo, ba ki da tabbacin hantar kowa lafiya take, shi kansa mai hantar bai sani ba. Mai ciki da ƙananan yara da tsofaffi su ma ba a ba su ɗanya.

Turawa suna da tsohuwar ƙa'ida cewa ba a cin ɗanyar kawa daga Mayu zuwa Agusta, watannin zafinsu. Firij da kiwon zamani sun rage mata ƙarfi a can, amma ma'anarta tana nan: ruwa mai ɗumi ya fi haɗari. Ruwan gaɓar Afirka ta Yamma kuwa ɗumi gare shi duk shekara.

Wajen kuɗi ita ce mafi tsada, nesa ba kusa ba. Dozin-dozin ake sayar da ita, kuma mafi yawan nauyin da kika biya ɓawo ne da za ki zubar. Idan daga wata ƙasa ta zo, kuɗin jirgin sama da na sanyi duk suna cikin farashin. Wajen ajiya, rai gare ta, dole a kula da ita kamar mai rai: a jera ta a kwano, ɓangaren da ya fi zurfi a ƙasa don kada ruwanta ya tsiyaye, a rufe da jiƙaƙƙen tawul, a sa a firij mai sanyin kusan digiri 4. Kada a nutsa ta a ruwan famfo, kada a ɗaure ta a leda, duka biyun kashe ta suke yi. Za ta iya yin 'yan kwanaki a haka, amma wadda za a ci ɗanya gara a ci a ranar ko washegari. Wadda kika gani a buɗe, ki ƙwanƙwasa ta. In ta rufe tana da rai, in ba ta motsa ba ki jefar. Ki kuma nemi takardar da ke jikin buhu ko kwandon, mai nuna inda aka ɗebo ta da ranar. A Amurka doka ta sa masu sayarwa su ajiye takardar nan kwana 90, saboda a iya bin sawu idan wani ya kamu da ciwo. Mai sayarwar da ba zai iya faɗa miki daga ina kawarsa ta fito ba, ba a cin tasa ɗanya.

Ɓare ta kuma aiki ne. Ana buƙatar gajeriyar wuƙa mai kauri, a naɗe hannu da tawul, a cusa bakin wuƙar a mahaɗin ɓawon ta baya, a murɗa har ya ce ƙas, sannan a bi ta ciki a yanke jijiyar da ke riƙe da murfin. Wanda bai saba ba, dozin biyu za su ci masa rabin awa, kuma wuƙar dafa abinci ta kan zame ta shiga tafin hannu. Raunin nan ma ƙofa ce ga Bibriyo.

Ga abin da ya sa ni dai ban ga kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba a nan. Abin da ake biya wa tsada a ɗanyar kawa shi ne wannan ɗan siririn ɗanɗano na teku. Da zarar kin zuba mata mangwaro da attaruhu da albasa da gyaɗa, kin binne shi. Kin ɗauki haɗari mafi girma, kin biya kuɗi mafi yawa, sannan harshenki bai ji abin da kika saya ba.

Kawa mai rai da aka turara

Kawar ɗaya ce da ta sama, kuɗin ɗaya, ajiyar ɗaya. Bambancin mintoci ne a kan wuta, amma mintocin nan suna sauya lissafin duka.

Ki wanke ɓawon da buroshi, ki bari ruwa ya tafasa a ƙarƙashin madambaci har tururi ya tashi sosai, sannan ki jera kawar ki rufe, ki ba ta minti 4 zuwa 9 gwargwadon girmanta. Idan a cikin ruwa za ki dafa, ki jira ɓawon ya buɗe sannan ki ƙara minti 3 zuwa 5. Kada ki sauke da zarar kin ga ta buɗe baki, a nan ne mutane da yawa suke yin gaggawa, kuma norobairos yana jure ɗan guntun tururi. Wadda ta ƙi buɗewa bayan an gama, ki zubar da ita. Sauran ki ciro naman, ki tace ruwan da ya taru a cikin ɓawon ki ajiye cokali biyu don haɗin, ki sa naman a firij ya yi sanyi kafin ya haɗu da mangwaro.

Wahalar ɓarewa ta tafi, tunda wuta ta buɗe miki. Naman yana raguwa, wannan gaskiya ne, kuma santsin nan ya tafi. Amma ga wanda ya tashi da kifi da nama dafaffe, wannan riba ce. Da yawa daga cikinmu abin da ke hana su kai kawa baki shi ne yauƙin ɗanyar. Turararriya tana da ɗan tauri kamar ƙundun kaza mai laushi, zaƙinta ya fi fitowa, kuma tana shan ruwan lemun tsami maimakon ta narke a cikinsa. Cokali yana ɗaukar ta tare da mangwaro, ba ta sulɓewa.

Wannan kuma ba sabon abu ba ne a yankinmu. Kawar Afirka ta Yamma tana manne ne a jikin saiwoyin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan zartsi, kuma mata ne ke shiga kwalekwale su ɓamɓaro ta. A Gambiya akwai ƙungiyar matan kawa ta TRY, wadda Fatou Janha Mboob ta kafa a 2007, kuma a 2012 gwamnati ta ba su haƙƙin kula da kawar dausayin Tanbi da ke kusa da Banjul. Suna ɗiba daga Maris zuwa Yuni, sauran watannin a bar ta ta girma. A Gana ma masu ɗibar kawa a bakin kogin Densu, yamma da Akra, suna da nasu watannin hutu. Matan nan dafa kawar suke yi ko su turara ta kafin su ɓare, sannan su sayar da naman a kofi. A Fatakwal kuma cikin miya take shiga tare da sauran kayan ruwa. Mutanen yankinmu da suka gaji kawa kaka da kakanni a ruwa mai ɗumi ba su mayar da cin ta ɗanya al'ada ba.

Idan irin wannan ta kofi kika saya, ita ce mafi araha a duk jerin ga mai zama kusa da teku. Sai dai ta wuni a buɗe a kan tire, hannuwa sun taɓa ta. Ki wanke ta sau biyu ko uku saboda yashi da ɓarɓashin ɓawo, ki sake tafasa ta minti 3, sannan ki sanyaya.

Ta firiza

Naman kawa ne da aka ɓare a masana'anta aka daskarar, ana samun sa a leda a manyan kantuna, yawanci daga Koriya ta Kudu ko Sin, ƙasar da ta fi kowace ƙasa noman kawa a duniya. Kuɗinta bai kai na mai rai ba, tunda nama zalla kika biya. Ba ɓarewa, ba wanke ɓawo. Ki narkar da ita a cikin firij ta kwana, ki tafasa minti 3, shi ke nan. Daskarewa ba ya tsarkake ta, don haka ba a cin ta ba tare da wuta ba.

Naman ya fi laushi, yana sakin ruwa, kuma ɗanɗanon ya ɗan dushe, amma a cikin haɗi mai yaji ba kowa zai gane ba. Matsalarta ɗaya ce, kuma duk mun san ta: wuta. A firiza mai aiki ba yankewa za ta yi kamar wata uku da daɗinta. A inda ake ɗauke wuta awa goma, ba ki san sau nawa ta narke ta sake daskarewa ba tun kafin ta iso gare ki. Ki taɓa ledar. Idan 'ya'yan suna warwatse ɗai-ɗai, alama ce mai kyau. Idan sun dunƙule wuri ɗaya kamar bulo, ga ƙanƙara ta taru a gindin ledar, ta taɓa narkewa, ki ajiye musu abinsu.

Ta gwangwani

Iri biyu ce. Akwai mai hayaƙi a cikin mai, wadda ke zuwa a ɗan falalen gwangwani irin na sadin, yawanci giram 85. Akwai kuma dafaffiya a cikin ruwan gishiri. Ta biyun ban cika ba da shawararta a salak ba, ta yi laushi har tana marmashewa, miya ta fi dacewa da ita. Mai hayaƙin ce abin magana.

Wajen lafiya ita ce ta fi kwanciyar hankali, domin an dafa ta a rufe da zafi mai tsanani. Abin dubawa shi ne ranar lalacewa, da kuma kada gwangwanin ya kumbura ko ya yi tsatsa ko ya lotsa a bakin murfi. Tana shekara da shekaru a kan kanta ba firij, wanda ya sa ita kaɗai ce za ta iya isa Sakkwato ko Maraɗi a cikin jaka ba tare da fargaba ba. In an buɗe kuwa, a juye ragowar a kwano mai murfi, a sa a firij, a cinye cikin kwana biyu.

Sai dai kada a yaudari kai, wannan wani abinci ne daban. Ba ta da sanyin teku ko kaɗan, ƙamshinta ya fi kusa da na banda. Wanda ke neman sabon ɗanɗanon kawa ba zai same shi a nan ba. Amma wanda ya saba da busasshen kifi zai ji kamar ya dawo gida. Ƙarfinta yana danne mangwaro mai zaƙi, don haka ta fi son abarba, ko mangwaro mai ɗan tsami, da ruwan tsamiya a madadin rabin lemun. Ki tsiyaye man gwangwanin, ki rage man zaitun, kada ki ƙara gishiri. Gwangwani biyu sun ishi mutum huɗu.

Tunda an ambaci abarba, ga wani abu da ke ɓata wa mutane haɗi. Ɗanyar abarba da gwanda suna da sinadarin da ke narkar da nama, shi ya sa ake sa su a naman da ya yi tauri. Idan suka zauna da kawa na awa ɗaya, kowace iri ce, za ta koma kamar kunu. Ki zuba su a ƙarshe, dab da za a ci.

Akwai kuma busasshiyar kawa ta kasuwa, irin wadda ake yi a Kasamans da bakin kogin Salum a Senegal. Tana daɗewa, tana da araha a can, amma sai an jiƙa an dafa, kuma taurinta da ƙarfin ƙamshinta na shinkafa da miya ne. Ban sa ta a cikin gasar ba.

Ga su a jere

| Iri | Haɗari | Ɗanɗano a cikin salak | Kuɗi | Daɗewa | Aiki |
|---|---|---|---|---|---|
| Ɗanya mai rai | Mafi girma | Mai kyau, amma haɗin yana rufe shi | Mafi tsada | Kwana 1 zuwa 2 | Mai yawa, sai da wuƙa |
| Turararriya | Kaɗan, in ta dahu sosai | Mafi dacewa | Tsada in ta kanti ce, araha a bakin teku | A ci a ranar da aka dafa | Matsakaici |
| Ta firiza | Kaɗan in an dafa, sai dai matsalar wuta | Ba laifi | Matsakaici | Kamar wata 3 | Kaɗan |
| Ta gwangwani mai hayaƙi | Mafi ƙanƙanta | Mai ƙarfi, na daban | Matsakaici zuwa araha | Shekaru, in ba a buɗe ba | Kusan babu |

Abu ɗaya ya haɗa su duka: da zarar an haɗa salak ɗin, agogo ya fara tafiya. Ƙa'idar ita ce kada ya wuce awa 2 a waje, kuma idan zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 kacal. A watan Afrilu a ƙasarmu, wannan na nufin daga firij sai baki. Ki ɗora kwanon a kan wani babban kwano mai ƙanƙara idan za a ɗan jima a tebur. Ta fuskar amfani kuma ba su da wani bambanci da zai sa a zaɓi ɗanya: kawa ta fi kowane abinci yawan sinadarin zink, tana da bitamin B12 mai yawa, kuma dafuwa ba ta kawar da zink ɗin.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Idan walima za ki yi, ko baƙin da ba ki san lafiyarsu ba, ko akwai mai ciki, yara, ko su Baba da Hajiya a tebur, turararriya ce taki, ba tare da wani dogon tunani ba. Ki ajiye ɓawon masu zurfi, ki tafasa su daban, ki zuba haɗin a ciki cokali-cokali. Kyan da ake nema a hoto ya samu.

Idan kina zaune a Banjul ko Akra ko Fatakwal, ki sayi ta matan bakin ruwa a lokacinta, ki sake tafasawa. Ba ki da dalilin biyan kuɗin jirgin kawar wata ƙasa don ki rufe ta da attaruhu.

Idan kina nesa da teku, ko wutar unguwarku ba ta da alƙawari, ko gwaji kawai kike son yi ki ga ko 'yan gida za su karɓa, ki fara da gwangwani biyu da abarba. In ba su so ba, asarar ba ta da yawa.

Ta firiza ta mai ingantacciyar wuta ce, ko sola, wadda take son ta riƙa yin haɗin lokaci-lokaci ba sai ta je kasuwar kifi ba, kuma ta amince da kantin da take saye.

Ɗanya kuwa ta baligi ce mai ƙoshin lafiya, wanda ya yi gwajin hanta ya san matsayinsa, yana zaune inda ake samun kawar ruwan sanyi mai takarda, kuma ya yarda da ragowar haɗarin da ba ya gushewa. Shi ma in zai ci, kada ya yi salak. Ya bar ta a rabin ɓawonta a kan ƙanƙara, ya yanka mangwaro ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar masara, ya ɗora abin da bai wuce rabin ƙaramin cokali ba a kan kowace ɗaya, ɗigon lemun tsami biyu, attaruhu ɗan mitsitsi. Idan kuma bayan ci zazzaɓi ya taso da rawar sanyi, ko ƙuraje masu ruwa suka fito a ƙafa, a tafi asibiti a daren, a faɗa wa likita cewa an ci ɗanyar kawa.